RA'AYINMU: A kai makarantar kasuwanci cikin kasuwa

Duk wanda ke harka a kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, Birnin Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har zuwa Magarya da Maigatari, ya san shekarun nan ba su zo wa ƙaramin ɗan kasuwa da sauƙi ba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a fara buɗe su ba sai a Disamba 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi a hannun jama'a, sannan a watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A tsakanin nan naira, wadda a Mayun 2023 ake canza dala ɗaya a kan kusan 460 a farashin gwamnati, ta zarce 1,500 a Fabrairun 2024, alhali sefa tana nan ɗaure da kuɗin yuro.

Wannan guguwa ta karya mutane da yawa, wasu har yau ba su tashi ba. Amma abin lura shi ne, a layi ɗaya na kasuwa, tsakanin mutum biyu masu sayar da kaya iri ɗaya da jari kusan ɗaya, sai ka ga ɗaya ya rufe rumfa, ɗaya kuwa ya lallaɓa ya tsira, har ma ya ƙara yaro. Arziki na Allah ne, babu mai musun wannan. Sai dai idan aka bincika, sau da yawa za a tarar wanda ya tsira ya san abin da ya shiga aljihunsa da abin da ya fita, ya san wa yake bi bashi da ranar biya, kuma da hanya ɗaya ta toshe ya nemi wata. Waɗannan abubuwa ne da ake koyo. Shi ya sa muke ganin horas da ƙananan 'yan kasuwa ya cancanci a ba shi matsayi daidai da ba su jari, muddin dai horon na gaskiya ne.

Maganar ta wuce ta mai rumfa shi kaɗai. A garuruwan iyaka babu masana'antu, aikin gwamnati kuwa bai isa ko'ina ba, saboda haka kasuwa ce ke ciyar da gari. Mai sarin albasa guda ɗaya yana rayar da manomin Galmi, da mai ɗinka buhu, da 'yan dako, da mai amalanke, da direba da yaron mota, da dillali, da matar da ke sayar musu da tuwo da rana. Idan cinikinsa ya ƙaru, duk waɗannan sun ƙaru. Idan ya karye, gidaje da dama ne za su ji a jikinsu, kuma samarin cikinsu su ne ke kama hanyar ci-rani ko su faɗa hannun miyagun mutane. A unguwar talakawa ribar ƙaramin ɗan kasuwa ba ta zuwa wata ƙasa, nan take juyawa tsakanin maƙwabta.

Bari mu kawo misali domin a ga inda rashin lissafi ke cutarwa. Mu ƙaddara mutum ya sayi buhun albasa a kan jika 20 na sefa, ya kashe jika 3 wajen dako da mota da la'ada da abin da ake karɓa a hanya. Kuɗinsa ya zama sefa 23,000. A ranar, mu ce jika ɗaya tana daidai da naira 1,300, wato buhun ya tsaya masa a naira 29,900. Ya sayar a naira 34,000, ya yi murna ya ci ribar naira 4,100. To amma bashi ya bayar, ba a biya shi ba sai bayan wata guda, lokacin da jika ta koma naira 1,600. Da ya je wajen ɗan canji, naira 34,000 ɗin nan sefa 21,250 kawai za ta ba shi. Ashe faɗuwar sefa 1,750 ya yi a kowane buhu, kuma ya riga ya kashe ribar da yake zaton ya ci. Mutane nawa ne suka cinye uwar kuɗinsu ta wannan hanya ba su sani ba? Darasin bai fi na yini guda ba: a yi lissafi da kuɗin da za a sake saro kaya da shi, kuma a sa sauyin canji cikin farashin duk kayan da za a bayar bashi.

Wani zai ce Bahaushe bai jira makaranta ba kafin ya iya kasuwanci, kuma gaskiya ne. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kai fata da tufafi har bakin hamada. Muna da namu tsarin koyarwa, na uban gida da bara, inda yaro zai yi shekaru yana aike da tsaron kanti da rakiyar kaya, har ranar da uban gidansa zai sallame shi da jari. Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a 1986 a kan yadda alhazan Maraɗi suka taso, kuma wannan dangantaka ta uban gida da bara na cikin abin da ya yi bayani a kai. Tsarin yana koyar da amana, da sanin kaya, da sanin mutane. Sai dai yana da iyaka. Yaro ba ya koyon abin da ya wuce sanin uban gidansa, mata ba su cika shiga ciki ba, kuma marar gata ba ya samun wanda zai ɗauke shi. Ga shi kuma kasuwar yau ta zo da abubuwan da iyayen gida da yawa ba su taso da su ba, kamar aika kuɗi ta wayar salula, takardun duwan da kwastan, da canji mai sauyawa safe da yamma.

To wane irin horo ne ke amfani? A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, domin an daɗe ana tara mutane a ɗakunan taro ana raba musu takardar shaida, ba tare da an ga canji a kasuwa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da tsarin koyar da kasuwanci da aka yi amfani da shi a ƙasashe fiye da 100, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira GERME. Da aka gwada shi a kan mata masu ƙananan sana'o'i a ƙasar Siri Lanka, an ga sun gyara wasu hanyoyin aikinsu, amma horon shi kaɗai bai ƙara musu riba ba. A 2021 wani masanin Bankin Duniya, David McKenzie, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, ya ga cewa a jimlace horo yana ƙara ciniki da kusan kashi 5 cikin 100, riba kuma da kusan kashi 10 cikin 100. Ga mai ƙaramin ƙarfi kashi 10 cikin 100 abu ne mai amfani, amma bai kai alkawuran da masu shirya taruka ke yi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, wasu nau'o'in horon sun yi wa wasu fintinkau.

A Jamhuriyar Dominika, can yankin Karibiyan, an raba masu cin bashin wani ƙaramin banki mai suna ADOPEM, su fiye da 1,000. Wasu aka koya musu ilimin akanta irin na makaranta, wasu kuma aka koya musu 'yan ƙa'idoji masu sauƙi: ka ware kuɗin kanti da kuɗin gida a aljihun tebur daban-daban, ka yanka wa kanka albashi, in ka ɗauki kuɗin kanti don cefane ka rubuta kuma ka mayar. Waɗanda aka koya wa ƙa'idojin su ne suka fi gyara harkarsu, musamman waɗanda ba su yi zurfin karatu ba. Wannan ya yi daidai da halin da yawancin masu rumfuna da masu tebur a kasuwanninmu ke ciki, inda kuɗin cefane da na suna da na biki duk daga gwangwanin ciniki suke fitowa.

Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne na birnin Lome a ƙasar Togo, inda 'yan kasuwarmu da dama ke saro kaya. A 2014 masanan Bankin Duniya da na wata jami'a ta Jamus suka ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500, suka kasa su gida uku. Kashi ɗaya ba a ba su horo ba, kashi na biyu aka ba su horon kasuwanci irin wanda aka saba, na uku kuma aka koya musu zama masu himmar kai: mutum ya riƙa hangen matsala kafin ta zo, ya nemi abin da zai bambanta kayansa da na maƙwabcinsa, ya je neman mai saye maimakon ya zauna jira, ya tsara abin da zai yi in dabara ta farko ta ƙi. Kowane horo awa 36 ne a aji, sannan malami ya riƙa ziyartar mutum a wurin sana'arsa sau ɗaya a wata har wata huɗu. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna cewa cikin shekara biyu ribar masu horon himma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu horon da aka saba kuwa da kashi 11, wanda masanan suka ce bai isa a tabbatar da shi ba. Horon ya ci kusan dala 750 a kan kowane mutum, kuma ƙarin ribar ya mayar da kuɗin cikin shekara guda.

Bayan shekara bakwai masanan sun sake komawa wajen mutanen, suka tarar ribar waɗanda suka sami horon himma tana gaba da ta waɗanda ba su samu ba da kusan dala 91 a wata. Amma sun tarar da wani abu da ya kamata ya dame mu. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa ga maza saboda sun tara jari, ga mata kuwa ya tsaya cik ko ya ragu. Mu da muka san gidajenmu ba za mu yi mamaki ba, domin ribar mace ita ce ke tafiya a kayan miya da maganin yara da kayan ɗakin 'ya. Duk shirin da ke son ɗaga mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kifi da kayan koli, dole ya haɗa horo da hanyar ajiya da za ta kare jarinsu.

Akwai kuma darasi daga unguwar Dandora, ɗaya daga cikin unguwannin talakawa na birnin Nairobi a Kenya. An haɗa wasu mata sababbin shiga kasuwa da gogaggun mata masu irin sana'arsu, wasu kuma aka kai su aji. Waɗanda aka kai aji ribarsu ba ta canza ba. Waɗanda aka haɗa da gogaggu ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, galibi saboda an nuna musu inda ake samun kaya da rahusa. Da zumuncin ya yanke, sai ƙarin ya dusashe. Wannan ai shi ne tsarinmu na uban gida, masana suka auna suka ga yana aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, abin da ya rage shi ne a faɗaɗa shi ya kai ga mata da marasa gata, kuma a sa ya ɗore.

Ba sai mun tafi nesa ba ma. A jihar Maraɗi ne a 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara, inda mata ke taruwa kowane mako su zuba abin da ya sawwaƙa a asusu, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango. Ba kuɗi aka kawo musu ba, tsari aka koya musu, kuma daga Maraɗi dabarar ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Haka nan buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, bai karɓu ba sai da aka bi ƙauye-ƙauye ana ɗaure buhu a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance kowa ya gani da idonsa cewa ƙwaro bai ci ba, alhali ba a sa magani ba. Mai sarin wake da ya koyi wannan yana iya riƙe kayansa daga kaka zuwa bazara lokacin da farashi ke tashi. Ita ma wayar salula, binciken Jenny Aker ya nuna cewa shigowarta kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina loda mota ya tafi a kan jita-jita.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hanya ta fito. Horon da ke amfani gajere ne, da harshen da mutum ke ji, a kan matsalar da ke gabansa, daga bakin wanda ya taɓa saye da sayarwa, kuma ana bin sawunsa har rumfa. Wanda ba ya amfani kuwa kowa ya san kamanninsa: a tara mutane a otal a babban birni, a yi musu jawabi da Faransanci ko Turanci, a raba kuɗin zama da abinci, a ɗauki hoto a watse. A irin wannan taro ma sau da yawa ba 'yan kasuwar ne ke zuwa ba, 'yan uwan masu rubuta sunaye ne, domin mai rumfa na gaskiya ba zai rufe kanti ranar kasuwa don kuɗin zama ba.

Ba mu ce horo maganin kowace cuta ba ne. Horo ba ya buɗe iyakar da aka rufe, ba ya rage shingayen da ke kan hanya, ba ya korar 'yan bindigar da suka addabi hanyoyin Maraɗi da Katsina da Sakkwato. Ba ya kuma maye gurbin jari. Gasar YouWiN da Najeriya ta fara a 2011, inda daga cikin masu nema kusan 24,000 aka zaɓi 1,200 aka ba su tallafi mai kauri, ta nuna cewa kuɗi a hannun wanda ya shirya yana samar da ayyukan yi. Abin da muke cewa shi ne, jarin da aka zuba wa wanda bai san lissafinsa ba kamar ruwa ne a kwando, kuma a cikin duk abubuwan da ɗan kasuwa ke buƙata, sani ne kaɗai rufe iyaka ko faɗuwar kuɗi ba sa ƙwacewa.

Saboda haka muna kira ga hukumomi. A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, saboda haka babu sauran hujjar koyar da mai sayar da barkono da Faransanci. Ya kamata asusun FAFPA mai kula da koyon sana'a, da majalisar 'yan kasuwa, da hukumar SMEDAN da Najeriya ta kafa a 2003 domin ƙananan masana'antu, su shirya darussa da Hausa, da boko da ajami, su kai su kasuwannin iyaka a ranakun da kasuwa ba ta ci. Magadan gari da shugabannin ƙananan hukumomi da ke karɓar harajin rumfa kowane mako su ware wani abu daga ciki don wannan aiki. Jami'an duwan da na kwastan su fito su bayyana wa jama'a abin da doka ta ce a biya a kan kowane kaya, a rubuta a manna a bakin iyaka, domin wanda bai san haƙƙinsa ba shi ake tatsa.

Ga ƙungiyoyin agaji masu kawo kuɗin horo, muna roƙon su daina auna nasara da yawan mutanen da suka zauna a aji. Su koma bayan shekara guda su duba ko ciniki ya ƙaru, ko an ɗauki yaro aiki, ko rumfar ma tana nan. Su ɗauki malamai daga cikin 'yan kasuwa, su haɗa horon mata da asusu irin na Mata Masu Dubara, su kuma yi amfani da gidajen rediyon karkara da saƙon murya na WhatsApp, waɗanda ke isa ga wanda bai iya karatu ba.

Ga alhazai da sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan hatsi da 'yan dabbobi, nauyi mafi girma a kanku yake. Kowane layi na kasuwa yana da mutum biyu ko uku da kowa ya yarda da gaskiyarsu da gogewarsu. Idan kowannensu ya ɗauki matasa biyar da ba danginsa ba, ya riƙa zama da su sau ɗaya a mako yana duba littafinsu, yana nuna musu inda ake saro kaya da yadda ake gane mai cin bashi da ba ya biya, to an kafa makarantar da ba ta buƙatar kuɗin kowa. Kada tsoron gasa ya hana ku. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya tsaya da ƙafarsa shi ne zai zo ya sari kayanku ya biya a kan lokaci.

Kai kuma mai rumfa, mai tebur, da ke mai sana'a a cikin gida, ba sai an jira gwamnati ba. Littafi da biro ba su kai kuɗin shayin safe na mako guda ba. A rubuta abin da aka saro da abin da aka kashe a kansa har ya iso rumfa. A rubuta kowane bashi da sunan mai shi da ranar biya, ko da ɗan uwa ne, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A ware kuɗin gida da na kasuwa. A ƙirga kaya a ƙarshen kowane wata, a kimanta su da kuɗin da ake sarowa da shi. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya riƙa rubuta masa da yamma. In an kira horo a je don a ƙaru, a kuma yi tambaya a kan abin da ke damun mutum.

Ana aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021. Ranar da aka gama, kaya za su yawaita, manyan 'yan kasuwa daga nesa za su shigo da jarinsu da akantocinsu. Ko ƙananan 'yan kasuwarmu za su ci moriyar wannan hanya, ko kuwa za su koma yi wa baƙi dako a garinsu, ya danganta da shirin da aka yi musu tun yanzu. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya.